Babban Inji a Tsohuwar Jif: Wa Zai Tsayar da Ita?

A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo ta Abuja, akwai layukan da mutum zai bi ya tarar da injina jere a ƙasa kamar tuluna, kowanne an shafa masa lamba da fenti, baƙin mai yana tsatsa daga gindinsa. Wasu daga Japan aka ciro su, wasu daga Turai ko Amurka, wasu kuma sun yada zango a Sharja ta Daular Larabawa kafin su sauka Legas. A bakin 'yan kasuwa dai sunansu ɗaya ne: Beljiyam.

Nan mai tsohuwar jif yake ƙarewa ranar da injinsa ya buga. Motar ta shekara ashirin ko fiye, ta kai amare, ta kai marasa lafiya asibiti, ta ɗauko buhunan masara daga gona, kuma har yau bodinta garau. An yi mata ringi sau ɗaya, an sake yi, yanzu hayaƙi ya koma shuɗi, juye ba ya kwana biyu. Sai bakanike ya goge hannunsa, ya yi ƙasa da murya, ya kawo shawarar da ake ji a gareji da yawa: "Alhaji, tunda dai sauke shi za a yi, me zai hana a ɗora babba? Bodin nan zai ɗauka." Mai mota ya tuna ranar da wata ƙaramar mota ta wuce shi a hawa yana taka totur har ƙasa, ya tambayi bambancin kuɗin, ya ji bai taka kara ya karya ba. Daga nan ciniki ya faɗa.

Riƙe tsohuwar jif dabara ce mai kyau, kuma bai kamata a raina mai yin ta ba. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin mota ya yi tashin da mai albashi ko matsakaicin ɗan kasuwa ba ya ko tambaya. Land Cruiser, Prado da Patrol na shekarun 1990 da farkon 2000, da Pajero ta shekarun 1990, an gina su ne a kan shasi na ƙarfe mai zaman kansa, wanda a ƙasa mai busasshiyar iska irin Arewa tsatsa ba ta cinsa da wuri. Inji kan mutu ya bar jikin da sauran shekaru goma a gaba. Sauya shi daidai ne. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙara girma, domin wanda ya ƙara wa mota ƙarfi ya ɗauki nauyin sake lissafin duk abin da ke tsakanin fanka da tayar baya, kuma mafi yawan masu yin haka a ƙasar nan kuɗin inji kawai suke lissafawa.

Misalin da ya fi nuna yadda ake yin abin ta hanyar da ta dace daga Amurka yake. Toyota 4Runner ta shekarun 1990 zuwa 1995 ta zo da inji mai silinda shida, lita 3.0, wanda ake kira 3VZ-E. Ƙarfin doki 150 ne da shi, ga shan mai, ga wata cuta da ya yi suna da ita ta ƙona gasket ɗin kan inji, har sai da kamfanin ya kira motoci masu yawa ya sauya musu kyauta. Daga 1995 Toyota ta fito da magajinsa, 5VZ-FE, mai lita 3.4 da bawul 24 a maimakon 12, wanda a cikin 4Runner yake ba da ƙarfin doki 183. Shi ne injin da ke cikin wasu Prado na wancan zamani da ke yawo a titunan Kano da Yamai. Ya fi wanda ya gada ƙarfi da ƙarko, kuma bai fi shi shan mai ba. Saboda haka masu tsofaffin 4Runner suka rungumi sauyin, ya zama ɗaya daga cikin sanannun ayyukan gareji a can.

Injinan nan biyu 'yan gida ɗaya ne. Giyabos ɗin tsohon yana kama sabon, maɗaurin da ke riƙe inji a kan shasi ana iya amfani da shi. Duk da wannan kusanci, wanda ya shiga aikin sai ya tarar da jerin abubuwa suna jiransa. Salansar sabon injin tana fita ta ɓangaren da ba nan tsohuwar take fita ba, dole a ƙera bututun da zai tsallaka da ita. Batir yakan bar wurinsa ya koma ɗaya gefen. Kaskon mai na ƙasan inji sai an sauya shi don kada ya gogi ƙarafan gaba. Saman injin ya fi tsayi, bonet ba ya rufuwa sai an ɗaga bodi kaɗan ko an yanka an yi masa tozo. Sannan ga babban aikin, wato haɗa wayoyin sabon inji da kwamfutarsa da tsofaffin wayoyin mota, zare bayan zare, da zanen wayoyin motocin biyu a shimfiɗe a gaba. Masu yin aikin da kyau sukan sayi motar da ta yi haɗari sukutum, su ciro inji tare da duk abin da ke manne da shi, da yawansu kuma su ƙara da manyan birkunan da kamfanin ya sa wa motocinsa masu nauyi.

Duk wannan wahala a kan ƙarin ƙarfi ne na kusan kashi 22 cikin ɗari. A kwatanta da wanda ya ciro inji mai silinda huɗu, lita 2.7, mai ƙarfin doki kusan 150, daga cikin Prado, ya cusa V8 na Land Cruiser mai lita 4.7 da ƙarfin doki 230 ko fiye. Ƙarin ya haura rabi, kuma ba bisa ƙa'ida aka saba yin aikin ba, da walda da guduma ake lallaɓa shi cikin mako guda.

Abin lura shi ne kamfanonin da suka ƙera motocin nan su ma sun sha ɗora manyan injina a tsofaffin bodi, kuma yadda suka yi ya isa darasi. A 1979 Land Rover ta ɗauki V8 mai lita 3.5 na Range Rover ta sa a doguwar Land Rover 109, irin wadda tsofaffi suka sani a hannun ma'aikatan gona da na lafiya, wadda har yau ake ganin 'yan uwanta suna hawa da sauka a tsaunin Mambila. A cikin Range Rover injin yana ba da ƙarfin doki kusan 135. A cikin 109 kamfanin ya shaƙe masa hanyar iska da gangan, ya mai da shi 91. Ya kuma ɗauko giyabos ɗin Range Rover mai raba ƙarfi ga tayoyi huɗu a kowane lokaci, ya turo fuskar motar gaba don inji ya sami wuri. Injiniyoyin sun san irin birkin da ke ƙarƙashin motar da irin yadda take a kwana, sai suka zaɓi su rage wa injin ƙarfi da hannunsu.

Toyota ma da ta sa V8 na dizal mai lita 4.5 a Land Cruiser 70 a shekarar 2007, sai da ta faɗaɗa gaban motar da aksul ɗin gaba, har tayoyin gaba suka fi na baya buɗewa, abin da masu motar a Ostareliya suka daɗe suna ƙorafi a kai. Mai son ganin yadda Prado ta 2003 zuwa 2009 take idan an sa mata V8 ba sai ya yi hasashe ba, domin kamfanin ya riga ya ƙera ta, ita ce Lexus GX470. Shasinsu ɗaya, amma giyabos ɗinta daban ne da na Prado mai lita 2.7, haka kwamfutarta da tsarin sanyaya injinta. Duk bakaniken da ya ce zai mai da Prado V8, tambayar farko da ta kamata a yi masa ita ce nawa daga cikin kayan GX470 zai kawo tare da injin.

Batun birki ne ya fi tayar da hankali, saboda a nan ne kuskuren mutum ɗaya ke shafar waɗanda ba su san an yi ciniki ba. Ƙarfin da birki zai kashe kafin mota ta tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa yake. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana ɗauke da ƙarfin da ya fi na mai gudun 100 da kashi 44 cikin ɗari. A gudun 140 ya kusa ninki biyu. Duk wannan ƙarfi zafi yake komawa a jikin faifan birki, kuma faifan da aka auna shi don ƙaramin inji shekara ashirin da suka wuce, aka kuma sha fere shi a wurin mai injin gyaran ƙarfe, ba shi da naman da zai shanye shi. Man birki yana tsotsar ruwa daga iska a hankali. Idan ya tsufa ya kuma yi zafi sai ya tafasa, direba ya taka feda ya ji ta tafi ƙasa babu komai. Wanda ya taɓa gangaro Hawan Kibo daga Jos da mota cike da mutane, ko ya sauko daga Gembu zuwa Serti, ya san warin birkin da ya gaji.

Za a ce ai direba ne ke gudu, ba inji ba. Haka ne, amma tsohon injin da kansa yana tsawatarwa. Idan aka kai shi 110 sai ya fara kuka, sitiyari ya yi rawa, direba ya sassauta. Babban inji yana kai mota 140 ba tare da ya ɗaga murya ba, kuma ba wanda ke biyan kuɗin V8 don ya ci gaba da tafiya yadda yake yi a da. Dokar hanya ta ƙayyade wa motocin gida kilomita 100 a awa a kan tagwayen hanyoyi, 80 a sauran manyan hanyoyi. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ƙirga mutuwar sama da mutum 5,000 a hanyoyin Najeriya a 2023, haka ma a 2024, kuma shekara da shekaru gudun wuce kima ne ke kan gaba a jerin dalilan da take bayarwa.

Jif kuma doguwa ce, nauyinta yana sama. Abin da ƙaramar mota za ta yi ta zame ta tsaya, jif kan kifa. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan shida da rabi a Amurka bayan an gano bayansu yana ɓarewa a kan gudu, galibi a jikin Ford Explorer, motar ta wuntsila. Sama da mutum 200 suka rasu a Amurka kaɗai. Matsalar ta fi tsanani a wurare masu zafi, shi ya sa tun kafin wannan janyewa aka riga aka fara sauya tayoyin a Saudiyya da Benezuwela. Waɗannan motoci ba tsofaffi ba ne, injinansu na kamfani ne. Sai a auna jif mai shekara 25, shokazoba ta mutu, sifirin ya kwanta, an ɗora kaya a rufi, tayoyinta kuma na hannu ne. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta. 2316 na nufin mako na 23 na 2016. Masu sayen inji na miliyoyi kaɗan ne ke durƙusawa su karanta su.

Sai zafi. A lissafin da aka saba yi, cikin man da inji ke ƙonawa kusan kashi ɗaya bisa uku ne ke juya taya, kashi ɗaya ya fita ta salansa, ɗayan kuma lagireto ne zai kwashe shi. Babban inji idan ya ɗauki kaya yana fitar da zafin da ya fi ƙarfin tsohon lagireto, ga shi ya cika ɗakin inji har iska ba ta samun hanyar wucewa. A Sakkwato ko Maiduguri ko Zandar, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga na'urar sanyaya mota a kunne, ga cunkoso, allura ba ta daɗewa take hawa. Maganin da aka saba yi a gareji shi ne a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye da makunni, a cika lagireto da ruwan rijiya. Tamostat ba shi ne mai laifi ba, aikinsa riƙe inji a daidai zafin da aka tsara masa. Idan babu shi inji yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta ci gaba da zuba mai da yawa tana zaton safiya ce, ruwan rijiya kuma ya bar gishiri da tsatsa a cikin ƙananan bututu. Bayan wata shida sai ga kan inji ya lanƙwashe, a koma cewa Beljiyam ɗin ne ba shi da kyau.

Giyabos, farfela da aksul su ma da ma'auninsu. Kuloci na ƙaramin inji yakan fara zamewa, giyar otomatik ta yi zafi ta ƙone, haƙoran aksul su karye a ranar da aka fi buƙatarsu, cikin yashi ko laka.

Wayoyi kuwa su ne inda ake gane gwani. Mafi yawan injinan da aka yi daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau ba sa tashi sai da kwamfutarsu, wadda kanikawa ke kira birenbos, ita kuma tana sauraron na'urori masu auna iska, zafi, juyin inji da hayaƙi. Da yawa tana neman makullin da ta sani kafin ta saki mai, wasu kuma ita ce ke faɗa wa giya lokacin sauyawa. Idan aka sayi inji tsirara, aka sayi birenbos a wani shago, wayoyi a wani, abin da ake samu shi ne mota mai tashi amma ba ta san kanta ba: agogon gudu ya daina aiki, fitilar ABS a kunne, fitilar gargaɗin inji kuma an cire ƙwanta don kada ta dami mai gida. Akwai masu wayarin a Kano da Kaduna da suka iya karanta zane, suke da na'urar bincike, suke haɗa waya da dalma su rufe ta yadda ya kamata. Aikinsu da tsada, kuma ya cancanci kuɗinsa. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif kusa da salansa, da tiyon mai na tsohuwar mota mai kafireto da aka bar wa famfon da ke tura mai da matsin da ya ninka nasa kusan sau goma, su ne ke sa a ga jif tana ci da wuta a gefen hanya.

Kafin 29 ga Mayun 2023 ana iya yin wannan magana ba a ambaci kuɗin mai ba. A ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin kwanaki, kuma a watan Oktoban 2024 ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. A ƙaddara sabon injin ya ƙara lita biyar kacal a kowace kilomita ɗari. Mai yin kilomita 20,000 a shekara zai sayi ƙarin lita 1,000. Ko a kan naira 900 aka lissafa, naira 900,000 ke nan kowace shekara, ban da ƙarin man juye da fulogi takwas a maimakon huɗu.

Wannan tsada ta haifar da kishiyar al'adar, wato masu V6 da V8 da ke neman a sauke musu a sa mai silinda huɗu. Su ma ana jiye musu neman ƙiba a samo rama. Jif mai nauyin tan biyu ko fiye idan aka ba ta ƙaramin inji, ƙafar direba ba ta barin totur, injin yana aiki a iyakar ƙarfinsa kullum, man da aka yi zaton za a rage bai kai yadda aka zata ba, ga haɗarin shiga wuce tirela a hanya mai layi ɗaya ƙarfi ya ƙare a tsakiya. Girman inji shi kaɗai ba ya faɗin ƙarfi ko shan mai. Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 ta ajiye V8 ta koma V6 mai tabo (turbo) biyu, kuma ta fi wadda ta gada ƙarfi. Injin dizal mai silinda huɗu, lita 2.8, da aka sa wa Land Cruiser 70 daga ƙarshen 2023 ya fi V8 ɗinta ƙarfin ja idan da giyar otomatik ne. Amma waɗannan kamfani ne ya tsara su tare da giyarsu da birkinsu.

Direbobin Agadas, waɗanda ke ratsa Tenere zuwa Dirku da Bilma, sun fi kowa sanin darajar ƙarfin inji, domin yashi ba ya tausayin rarrauna. Duk da haka injin da ya yi suna a hamada shi ne 1HZ, dizal mai silinda shida a jere, lita 4.2, wanda Toyota ta fara yi a 1990. Ƙarfin dokinsa kusan 130 ne kawai, ƙasa da na ƙananan motoci da yawa na yau. Ba shi da tabo, ba ya dogara da kwamfuta, yana haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai, kuma idan ya tsaya a inda babu gari, direba da yaron mota suna iya gano abin da ke damunsa da sifana. Masu ɗora masa tabo don ƙarin ƙarfi sun san cewa idan ba a kula da zafin hayaƙi ba, fistin da kan inji ne ke biya. A wurin da lalacewar mota ke iya zama ajali, abin da ake nema shi ne injin da ya dace da motar, wanda kayan gyaransa ke akwai a kowane zango.

Akwai kuma takardu. Lambar inji tana cikin abubuwan da ake rubutawa a takardun mota tare da lambar shasi. Wanda ya sauya inji bai je ofishin lasisi an gyara ba, bai kuma riƙe rasiɗin da ke ɗauke da lambar sabon injin da sunan shagon ba, ya bar kansa a buɗe. Ranar da aka duba a shingen bincike aka ga lambobi sun saɓa, shi ne zai yi bayanin inda ya samo shi, kuma ba kowane injin da ke kasuwa ne ya shigo ta jirgin ruwa ba; ɓarayin mota ma farfasa ta suke yi su sayar gunduwa-gunduwa. Idan haɗari ya faru, kamfanin inshora yana da hujjar cewa motar da ya amince da ita daban ce da wadda ta yi karon. Ranar sayarwa ma, mai saye da ya san mota yana rage kuɗi da zarar ya buɗe bonet ya ga walda.

Ƙasashen da sauya inji ya zama sana'a da abin sha'awa ba su hana shi ba, ƙa'ida suka sa masa. A jihar Kalifoniya dole injin da za a sa ya kasance na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, ya zo da dukkan kayan tace hayaƙinsa, sannan jami'in da gwamnati ta amince da shi ya duba ya manna shaida. A Ostareliya, inda ake ɗora V8 a tsofaffin Patrol da Land Cruiser ba adadi, babban sauyi irin wannan sai injiniya mai lasisi ya duba birki, sitiyari, maɗauri da nauyi ya sa hannu kafin motar ta hau titi bisa doka. Najeriya ba ta rasa inda za ta fara ba. Akwai jami'an VIO da ke ba da takardar ingancin mota, Legas ta kafa cibiyoyin gwaji masu na'urar auna ƙarfin birkin kowace taya, ƙungiyar kanikawa ta NATA tana da rassa a garuruwa, hukumar NADDC kuma tana horar da masu gyara. Abin da ya rage shi ne jihohin Arewa su ce duk motar da aka sauya mata inji da wanda ya fi na asali girma ta zo a auna birkinta, a duba maɗaurinta da tiyon mai da tayoyinta, a rubuta sabuwar lamba, a kan kuɗi kaɗan da ba zai kori mutane ba. Idan aka mai da shi hanyar tatsa, masu mota za su ɓuya, a koma gidan jiya. Kanikawa na gari ne za su fi cin moriyar tsarin, domin shi zai raba aikinsu da na masu guduma.

Kafin hukuma ta motsa, mai jif yana da zaɓi a hannunsa. Mafi sauƙi da aminci shi ne a nemo irin injin da ya fita, ko a sake gina nasa idan gangar jikinsa ba ta tsage ba. Idan ƙarin ƙarfi ya zama dole, kamar mai jan kaya ko mai hawan tsauni kullum, to ya tsaya cikin injinan da kamfanin ya taɓa sa wa wannan bodi, ya sayi rabin mota, wato gaban da aka yanko da inji, giya, birenbos, wayoyi, lagireto da makulli a haɗe, ya kuma ware kuɗin birki da taya tun kafin ya taya injin. Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, kuɗinsa bai kai babban inji ba tukuna.

Gwajin da aka saba yi bayan an gama aiki shi ne a hau baifas, bakanike a sitiyari, mai mota a gefe, a taka a ji ƙara, a dawo ana murmushi. Wannan gwaji inji kawai yake aunawa. Wanda ya kamata a yi kafin a biya cikon kuɗi shi ne a cika motar da mutane da kaya yadda za ta riƙa tafiya, a kunna na'urar sanyi da ƙarfe biyu na rana, a shiga cunkoson kasuwa na awa guda ido yana kan allurar zafi. Daga nan a nemi hanya mara mutane, a taka birki da ƙarfi daga gudun 80 sau biyar a jere, a ga ko na biyar ya kama kamar na farko, ko motar tana fizga gefe. A ƙarshe a ɗaga ta, a haska fitila a kan kowace walda da kowane tiyo, a tabbata fitilun gargaɗi suna kamawa idan an murɗa makulli, suna kuma mutuwa da kansu idan inji ya tashi.